Shakazoba Ce Ta Mutu Ko Sifirin Ne Ya Kwanta? Yadda Wayarka Za Ta Taimaka Maka Wajen Gyaran Ƙafar Tsohuwar Mota a Hanyoyin Gezawa

Tsohuwar mota mai lafiyar inji ita ce burin samari da yawa a yau. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, motar Kwatano ma ta fi ƙarfin aljihun yawancin matasa, balle sabuwa dal. Abin da ya rage shi ne motocin da suka riga suka sha hannu a cikin gida: Golf 3, Honda Civic, Accord ɗin nan da ake wa laƙabi da End of Discussion, Marsandi 190, Peugeot 406, sai kuma BMW ƙirar E36 da E46 ga masu son gudu da gayu.

Mai saye zai buɗe bonet, ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya kunna rediyo ya ji ko sifika na bugawa. Da wuya ya durƙusa ya leƙa bayan taya. Can kuwa babbar matsalar take kwance. Golf 3 ta fara fitowa ne a 1991, E36 a 1990, Marsandi 190 kuwa tun 1982. Ko Accord ta 2003 zuwa 2007 ta doshi shekara ashirin ko ta wuce. Kamfanonin da ke ƙera shakazoba irin su Monroe da KYB suna ba da shawarar a duba ta sosai, a canza idan ta gaji, da zarar ta ci kimanin kilomita 80,000. Sai mai karatu ya kwatanta wannan da abin da motar da ta shekara ashirin ko talatin ta ci.

A yau za mu duba yadda za ka gane abin da ya mutu a ƙafar motarka, yadda za ka sayi kayan da suka dace da ita, da abin da za ka sa wa ido a gareji. Kusan duk matakan, wayar da ke hannunka tana da rawar takawa.

Hanyar da motar take bi

Mu ɗauki Gezawa a matsayin misali. Ƙaramar hukuma ce da ke arewa maso gabashin birnin Kano, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 280,000. Ƙasa ce ta noma, gari na jin kiran sallar gari, gona na manne da gona. Wanda ke zaune a nan yana aiki ko karatu a birni, hanya iri uku motarsa take bi a rana guda.

Akwai babban titi, wanda ya taso daga titin Haɗeja ta Yankaba, ya ratsa Jogana ya shiga Gezawa, ya miƙe zuwa Jigawa. A nan ake taka mota, a nan kuma ake cin karo da manyan motoci, 'yan acaɓa, Adaidaita Sahu da dabbobi masu tsallaka titi. Akwai tudun rage gudu da ake yi a cikin garuruwa, wanda ke daki cikin duk motar da ta yi ƙasa. Sannan akwai burji da hanyoyin yashi masu shiga ƙauyuka irin su Tumbau, Ketawa, Wangara da Tsamiya Babba, waɗanda damina kan zaizaye, rani kuma ya bar su da gargada.

Ga kuma lodi. Da kaka, motar gayu ma ba ta tsira: Baba zai ce a ɗauko buhun gero biyu daga gona, da damina a kai taki, ranar biki a cusa mutum bakwai. Ƙaramar mota irin Golf, duk abin da aka yarda ta ɗauka, har da direba da fasinja, bai wuce wajen kilo 500 ba. Buhun hatsi babba guda ya kai kilo 100, buhun takin zamani kilo 50. Mutum huɗu da buhu biyu, an kai iyaka.

Waɗannan motoci an zana su ne don titunan Jamus, Japan, Faransa da Amurka. Ƙafarsu a nan tana aikin da ba a yi ta dominsa ba.

Sifirin da shakazoba: kowa da aikinsa

Mutane da yawa suna ɗauka shakazoba ce ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka ba ne. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan, shi ke ɗaukar nauyi, shi kuma ke tsayar da tsawon mota daga ƙasa. Idan taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, sifirin ne ke lotsawa ya shanye bugun.

Amma sifirin yana da hali guda: idan aka danne shi aka saki, ba ya tsayawa nan take, sai ya yi ta lilo sama da ƙasa. Aikin shakazoba shi ne kashe wannan lilon. A cikinta akwai mai da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta motsa, sai fistin ɗin ya tura man ta waɗannan ƙofofi da ƙyar, ƙarfin motsin ya koma zafi ya baje a iska. Wadda ake kira mai gas, an ƙara mata iskar naitirojin ce don kada man ya yi kumfa idan ya ɗau zafi. Kamfanin Bilstein na Jamus ne ya yi fice da wannan fasaha, Marsandi ta fara sa irinta a motocinta a 1957.

Akwai kuma tsari na uku, wanda ke gaban yawancin ƙananan motoci: an haɗa shakazoba da sifirin wuri guda sun zama turke, samansa ɗaure da bodi, ƙasansa ɗaure da mazaunin taya, yana juyawa tare da sitiyari. Wannan shi ne tsarin MacPherson, sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson da ya zana shi a shekarun 1940, kuma motocin Ford Consul da Zephyr na Ingila suka fito da shi a 1950. Shi ne a gaban Golf 3, 406, E36 da E46. Muhimmancin sanin wannan shi ne, turken yana cikin abubuwan da ke riƙe saitin taya. Idan ya lanƙwashe ko aka kwance shi, saitin ya taɓu.

Ba duk motoci ke da wannan tsari ba. Accord ta 2003 zuwa 2007 da Civic na shekarun 1990 suna da hannu biyu ne a ƙafar gaba, sama da ƙasa. Marsandi 190 kuwa sifirin ɗinta na gaba daban yake zaune, ba a jikin shakazoba ba. Haka ma bayan E36 da E46, sifirin daban, shakazoba daban.

Ka riƙe wannan ƙa'ida, za ta cece ka daga asara: idan mota ta zauna ko ta karkace, sifirin ne. Idan tana lilo da rawa, shakazoba ce. Sabuwar shakazoba ba za ta ɗaga motar da sifirin ɗinta ya kwanta ba.

Me ya haɗa shakazoba da birki?

Nan ne maganar ta wuce jin daɗin zama. Duk girman motarka, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu ba. Birki, kwana, kauce wa ɗan acaɓa, duk a kan waɗannan tafuka huɗu suke faruwa. Idan shakazoba ta mutu, taya na hawa gargada sai ta riƙa tsalle kamar ƙwallo. A lokacin da take sama, ko take taɓa ƙasa sama-sama, birkinka ba shi da abin kamawa.

Ga lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta sa wa ƙananan motoci a manyan titunan da ba tagwaye ba, tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan taya ta rasa kamun ƙasa na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai, ka wuce fiye da mita biyu babu cikakken birki. Mita biyu kuwa su ne tsakanin tsayawa da buge yaron da ya biyo akuya ya faɗo titi a Jogana.

Motar da ke da ABS ma ba ta tsira ba. Na'urar tana lura da juyawar taya ne. Idan taya na tsalle, sai ta ɗauka santsi ne, ta riƙa sakin birki. Sannan abin da ya sa matsalar take da haɗari shi ne a hankali take zuwa. Shakazoba ba ta mutuwa rana ɗaya kamar batir. Direba yana sabawa da ita kullum, har ya ɗauka haka motar take.

Gwaji biyar da za ka yi da wayarka

Kafin ka je gareji, yi waɗannan. Ba su maye gurbin idon ƙwararren makaniki ba, amma za su sa ka je da hujja a hannu.

Na farko, tocila da kyamara. Ajiye mota a wuri mai laushi ɗaya, ka ja birkin hannu, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka haska bayan taya ka ɗau hoto. Ɗan danshin mai a saman shakazoba ba laifi ba ne. Amma idan ka ga mai ya zubo har ƙasa, ƙurar hunturu ta manne masa ta zama baƙin caɓi, wannan ta gama aiki. Duba robar da ke rufe sandar: idan ta yage, yashi na shiga yana cin sil. Duba sifirin daga sama har ƙasa, musamman zagayen ƙarshe na ƙasa, inda ya fi karyewa. E46 ta yi suna wajen karyewar sifirin na baya a daidai wannan wuri.

Na biyu, bidiyo mai tafiyar hawainiya. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix, Redmi da Samsung na yanzu suna da shi a cikin kyamara. Jingine wayar a gefe, ka sa wani ya danna kusurwar motar da ƙarfi sau biyu ko uku ya saki. Lafiyayyar shakazoba za ta bar motar ta taso, ta ɗan koma, ta tsaya. Idan ka ƙirga lilo biyu ko uku a bidiyon, ta mutu. Yi wa kusurwa huɗu ka kwatanta. Amma a lura: wannan gwaji wadda ta mutu murus kawai yake kamawa. Motar gudu mai taurin sifirin tana iya cin wannan jarabawa alhali shakazobarta ta yi rauni.

Na uku, awo. Nemi tef na tela ko na magina, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi da ke saman taya, a dukkan ƙafafu huɗu, babu kowa a ciki. Rubuta a wayarka. Idan hagu da dama suka bambanta da abin da ya wuce kaurin yatsa, akwai sifirin da ya kwanta ko ya karye. Dalilin aunawa daga tsakiyar wili shi ne don kada iskar taya ta rikita lissafin.

Na huɗu, bidiyon tafiya. Abokinka ya tsaya a gefen hanyar da babu zirga-zirga, ya ɗauki motar tana tsallake tudun rage gudu a hankali, sannan ya ɗauke ta tana taka birki. Ka duba: gabanta na yin sujada idan an taka birki? Bayanta na ci gaba da rawa bayan ta sauka daga tudu? Taya na karkarwa ita kaɗai?

Na biyar, na'urar jin motsi da ke cikin wayar. Kowace wayar zamani tana da ita, ita ce ke juya fuskar waya idan ka kwantar da ita. Akwai manhaja kyauta mai suna phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta samar, tana Play Store da App Store. Tana zana motsin waya a kan jadawali. Ɗaure wayar da kyau a jikin mota, fasinja ya kunna, ka tsallake tudu guda da gudun da ka ƙayyade. A jadawalin za ka ga bugu na farko, sannan igiyoyin da ke biyo baya. Idan igiyoyin suka mutu da wuri, madalla. Idan suka yi ta maimaituwa, akwai magana. Amfaninta na gaske shi ne kwatanci: ka auna kafin gyara, ka sake aunawa bayan gyara, a tudu ɗaya, gudu ɗaya, iskar taya ɗaya. Kada direba ya taɓa waya yana tuƙi.

Wani ƙarin bayani ga masu ɗan na'urar nan ta ELM327 da ake soka wa mota a haɗa da waya ta Bluetooth: ba za ta nuna maka komai ba a nan. Shakazobar waɗannan motoci ba ta da waya ko firikwensin da ke magana da kwamfutar mota. Allo zai nuna babu matsala, ƙafa kuwa ta lalace.

Kada ka manta da taya kanta. Shafa tafinta da hannu. Idan ka ji tudu da kwari a jere, wani wuri ya cinye wani bai cinye ba, alamar tsalle ce.

Ba kowace ƙara ce shakazoba ba

Sau da yawa za ka ji makaniki ya girgiza mota ya ce, "Yallaɓai, ƙafar ce gaba ɗaya." Wani lokaci gaskiyarsa ne. Wani lokaci kuwa ƙaramin abu ne. Ƙarar ƙwas-ƙwas a kan gargada ta fi zuwa daga ɗan sandan da ke haɗa ƙafa da ƙarfen hana tangaɗi, ko daga bushin ɗinsa. Ƙarar gurnani ko ƙas idan ka juya sitiyari a tsaye, galibi mazaunin turke ne na sama da boris ɗinsa. Bugu mai nauyi a rami yana iya zama bol-joyin ko bushin na hannun ƙafa. A E36 da E46, ƙarar da ke fitowa daga but sau da yawa mazaunin shakazobar baya ne ya yage.

Ɗauki ƙarar da rikodar waya, ka lura da lokacin da take zuwa: a rami, a kwana, ko a birki. A gareji kuma ka ce cikin ladabi, "Oga, don Allah a ɗaga ta a nuna min inda yake motsi." Makanikin kirki ba zai ƙi ba.

Lamba kafin kasuwa

Babban kuskure shi ne shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa ko shagunan Sabon Gari ka ce, "A ba ni shakazobar Golf." Golf kala-kala ce. Ta GTI da VR6 ba ɗaya take da ta mai ƙaramin inji ba. Mai dogon baya sifirin ɗinta na baya ya fi tauri. Accord ta Amurka ta 2003 zuwa 2007 mota ce daban da Accord ta Turai ta waɗannan shekaru. Ta Turan ma a Amurka da sunan Acura TSX aka sayar da ita. Abin da ya shiga ramin noti ba lalle ne ya dace da nauyin motar ba.

Fara da lambar casis. Tun 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da lambobi 17, kuma babu harafin I, O ko Q a cikinta, don haka idan ka ga abu mai kama da O, sifili ne. Tana ƙasan gilashin gaba, ko jikin ƙofar direba, ko a ɗakin inji. Ɗau hotonta, kada ka dogara da wadda ke takarda kaɗai. Ga motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, shafin hukumar NHTSA yana fassara lambar kyauta, ya gaya maka shekara da irin inji.

Motocin Volkswagen suna da wata farar takarda manne a cikin but, kusa da mazaunin safaya, mai ɗauke da gajerun lambobin kayan da aka haɗa motar da su. Idan tana nan, ɗau hotonta. Sifirin ɗinsu na asali kuma yana da ɗigon fenti masu launi da ke nuna ajinsa. Wanke shi ka ɗauka.

Daga nan sai kundin intanet na masu ƙerawa. KYB ta Japan, Monroe ta Amurka, Sachs da Bilstein na Jamus, duk suna da shafin da za ka zaɓi mota, shekara da inji, ya ba ka lambar kaya. Ka lura, a motoci da yawa turken hagu da na dama lambarsu daban. Ajiye hoton allon. Tura wa mai shago ta WhatsApp kafin ka baro Gezawa, ka ce ya turo maka hoton lambar da ke buge a jikin ƙarfen, ba ta kwali ba. Ka huta da kuɗin mai da zuwa biyu.

Sabuwa, ta Baljiyam, ko wadda aka yi wa ɗura?

Kaya iri huɗu ne a kasuwa. Akwai sabuwa ta sanannen kamfani, ita ce mafi tsada kuma mafi kwanciyar hankali, in dai ba jabu ba ce. Akwai sabuwa marar suna, mai araha, wadda wata kan yi shekara, wata damina ɗaya. Akwai ta Baljiyam, wato wadda aka ciro daga motar da aka yanka a waje. Tana iya zama orijina mai sauran rai, amma babu wanda ya san kilomita nawa ta ci. Sai kuma wadda aka huda, aka ɗura mata mai, aka toshe da walda, aka fesa baƙin fenti.

Wannan ta ƙarshe ita ce abin gudu. Abin da ya sa man farko ya zube, wato sil da ya cinye da ƙofofin fistin da suka saki, yana nan bai gyaru ba. Man da aka ɗura ba lalle kaurinsa ya dace ba. Sannan kai wuta ko abin huji jikin mai gas haɗari ne ga shi kansa mai aikin. Alamunta: tabon walda a inda bai kamata ba, da sabon fenti a kan tsatsa ko a kan lamba.

Ko wacce za ka saya, gwada ta a tsaye. Danna sandar har ƙasa, ka ja ta. Ya kamata ka ji tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, babu wurin da ta zarce fayau, kuma ja ya fi dannawa wuya. Mai gas za ta taso da kanta a hankali. Sandar ta kasance sumul, babu ƙarzuwa ko tsatsa. Gwada biyun tare ka ga ko ƙarfinsu ɗaya.

Biyu-biyu ake canzawa: gaba biyu tare, ko baya biyu tare. Haka sifirin. Sabuwa a hagu, matacciya a dama, mota za ta riƙa fizga gefe a birki da kwana. Idan kuɗi bai kai na huɗu ba, fara da ɓangaren da ya fi lalacewa, ka tara na sauran.

Idan ta intanet ka gani, a Jiji ko Facebook, kada ka tura kuɗi sai kai ko wanda ka amince da shi ya riƙe kayan a hannu. A shago kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar kaya da kwanakin da aka yarda a dawo da shi, ka ɗau hotonsa tare da shaidar tiransifa.

A ɗaga ta ko a sauke ta?

Samari sun kasu biyu. Masu kallon bidiyon motoci a TikTok da YouTube suna son a sauke mota ta kwanta ƙasa, har wasu kan sa a yanke sifirin ko a gasa shi da wuta. Yankakken sifirin ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya zamewa idan taya ta rataya a rami. Wanda aka gasa kuma ƙarfensa ya mutu. Motar da aka sauke a hanyar Tumbau, tukunyar baƙin mai ce za ta biya bashin.

Ɗaya ɓangaren kuma suna son a ɗaga ta, a cusa roba mai kauri ko a sa sifirin na babbar mota. Ɗagawa kaɗan da kayan da aka ƙera don wannan mota tana da amfani a hanyar karkara. Amma idan ta yi yawa, shakazoba na aiki a ƙarshen tsawonta, shaf na juyawa a karkace yana cin kansa, motar kuma ta fi saurin tangaɗi a kwana. Mafi yawan tsofaffin motocin da ke dukan ƙasa ba gajeru ba ne tun asali, sifirin ɗinsu ne ya kwanta. Maido da ita tsawonta na kamfani shi ne matakin farko, sau da yawa kuma ya wadatar.

Ranar aiki a gareji

Bidiyon koyarwa na sa aikin ya yi kama da wasa. Shakazobar baya da ke zaune ita kaɗai, mai noti sama da ƙasa, ba ta da wahala. Amma turken gaba wani abu ne daban. Sifirin da ke jikinsa a matse yake da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Duk wanda ya kwance notin tsakiya na sama ba tare da ya kama sifirin da abin matsewa ba, ƙarfen zai iya tashi ya fasa masa fuska ko ya karya hannu. Na gaban Marsandi 190 ma sai da abin matsewa na musamman. Waya ko igiya ba su maye gurbinsa. Idan garejin ba shi da wannan kayan aiki, nemi wani.

Ga abin da za ka sa wa ido:

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a kan yashi.

A canza mazaunin sama, robar rufe ƙura da robar tsayar da bugu tare da shakazobar. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma ba sai an sake kwance ƙafa ba.

A danna sabuwar shakazoba a tsaye sau uku zuwa biyar kafin a ɗaura, don iskar da ta shiga mai lokacin da take kwance ta koma mazauninta.

Kada a kama sandar da filaya. Ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yaga sil, mai ya fara zuba cikin 'yan makonni.

Ƙarshen sifirin ya zauna daidai a gurbin da aka yi masa.

Notukan da ke ratsa bushin, sai an sauke mota nauyinta ya hau ƙafa sannan a yi musu ɗaurin ƙarshe. Idan aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

A mayar da tiyon birki da wayar ABS inda suke. Hoton da ka ɗauka kafin a kwance shi zai raba gardama.

Ka karɓi tsofaffin kayanka, ka ɗau hoton sababbin a jikin mota.

Daga gareji sai wurin alaimen, ba sai gobe ba. Duk wanda ya kwance turken gaba bai yi saiti ba, yana iya cinye sabuwar taya cikin ɗan lokaci, taya kuwa yanzu ba abin wasa ba ce.

Bayan an gama

Koma tudun nan da ka yi gwajin farko, ka sake kunna phyphox, ka sake ɗaukar bidiyo, ka sake awo da tef. Ajiye komai a babban fayil guda a wayarka ko a Google Drive: hotuna, rasit, kwanan wata da kilomitar da mota take a ranar. Sa wa kanka tunatarwa a kalanda ka leƙa ƙafar sau biyu a shekara, bayan damina da bayan an gama kwashe amfanin gona. Ranar da za ka sayar da motar, wannan fayil zai yi maka ciniki fiye da rantsuwa.

Sauran kuma hali ne: rage gudu kafin rami ba a cikinsa ba, duba iskar taya, raba lodi sawu biyu idan ya yi yawa. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya tak, tsakanin sabon wili mai ƙyalli, sifika mai girgiza unguwa da lafiyayyar shakazoba, ya fara da wadda ke riƙe tayarsa a ƙasa. Allah Ya tsare mu a hanya.